Masu hawan dutse da yawon daji, don Allah a rage sauri da hayaniya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Don Allah ka taimaka ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu, akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina kuma na ga babu mai taɓo ta.

Yanzu da zarar lokacin zafi ya shigo an samu hutu, duk inda ka leƙa a Facebook ko TikTok zaka ga matasa maza da mata sun haɗa ƙungiya sun fita tattaki, ana ratsa karkara ana hawa duwatsu ana cewa an je ganin namun daji. Ni dai wallahi abin yana min daɗi sosai, domin ya fi zaman ɗaki da danne-dannen waya nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tsauni da sanyin safiya iska na kaɗa shi ya san abin da nake nufi. Amma yadda ake yin fitar ne ke damuna. Mutum talatin ko arba'in a tafe, ɗaya ya rataya sifika tana ta dukan kiɗa, wani na ihu yana kiran abokinsa daga can gaba, kowa na sauri ya riga kowa kaiwa ƙololuwa ya ɗauki selfi, sannan a sauko a gaje ana cewa ai wurin babu komai, ko zomo ba mu gani ba. To ta yaya za ku gani? Dabbar nan ta ji ku tun kuna gindin dutse, ta shige inda za ta shige, tana nan kwance tana jiran ku wuce.

Abin da nake so a gane shi ne ganin namun daji ba sa'a ba ce kawai, koyo ake yi, kuma farkon darasin shi ne tafiya a hankali da kame baki. Yawancin dabbobin da ake farauta, irin su barewa da gada da zomo, idanunsu a gefen kai suke don su hango motsi ta kusan kowane ɓangare, kuma motsin gaggawa shi ne abin da suka fi saurin kamawa. Ga kunne ga hanci. Idan iska na busowa daga bayanka tana tafiya gaba, to warinka ya riga ka isa wurin, shi yasa masu sanin daji suke ɗebo ɗan ƙura ko busasshiyar ciyawa su saki su ga inda iska ta nufa, sannan su bi ta inda za ta riƙa bugun fuskarsu. Sai lokaci. Da tsakar rana a lokacin zafi kusan komai ya shiga inuwa ya kwanta, daga fitowar alfijir zuwa hantsi da kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana, nan ne daji yake motsi. Wanda ya fito ƙarfe goma sha ɗaya ya koma ƙarfe uku, rana kawai ya sha.

Kuma abin da ya fi tafiyar ma amfani shi ne zama. Ka samu gindin dutse ko bishiya ka jingina bayanka don kada siffarka ta fito fili, ka ajiye waya, ka yi shiru kamar minti ashirin ko talatin. Da farko zaka ji tsit, saboda zuwanka ya tsorata kowa. Can sai ƙananan tsuntsaye su fara dawowa da kuka ɗaya-ɗaya, ƙadangare ya leƙo, kurege ya sauko. Idan wurin mai manyan duwatsu ne a Afirka ko Gabas ta Tsakiya, mai yiwuwa ka ga rema, wanda wasu ke kira agwada, kuma ni a wurina kallonsa kaɗai ya isa dalilin fita. Da hantsi suke fitowa daga tsagar dutse su baje a kan fa suna shan rana, wasu a kan wasu, saboda jikinsu ba ya iya riƙe ɗumi sosai sai sun sha rana kafin su fara kiwo. Ka lura da kyau zaka ga ɗaya bai kwanta ba, yana can sama a zaune kansa a ɗage yana duban sararin sama saboda gaggafa, da ya ga inuwar da bai yarda da ita ba sai ya saki wata ƙara mai kaifi, kafin ka ƙifta ido fa ɗin ya zama wayam. Tafin ƙafarsu kuma mai laushi ne da ɗan danshi, shi yasa suke gudu a jikin dutsen da kai ko da rarrafe ba za ka iya ba. Wannan ɗan abin da bai fi zomo girma sosai ba, masana sun tabbatar danginsa na kusa a cikin dabbobin da ke raye su ne giwa da ayu. Duk wannan mai sifika ya wuce shi da gudu bai sani ba.

Ni har mamaki nake idan mutum ya ce bai ga komai ba don bai ga zaki ko giwa ba. Ka duba ƙasa mana. Buzuzun nan da ke mirgina dunƙulen kashi da ƙafafun baya kansa a ƙasa, ka tsaya ka kalle shi, lokaci-lokaci zai hau kan dunƙulen ya ɗan juya sannan ya sauko ya ci gaba a miƙe, duba sama yake yi yana ɗaukar saiti. A 2013 masu bincike daga jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin tare da abokan aikinsu na Afirka ta Kudu suka nuna cewa wani nau'insa da ke aiki da dare yana bin hasken farin layin taurarin nan da ke ratsa sama ne don kada ya ɓace hanya. Ka ɗaga kai kuma, tsattsewar da ke shawagi a sama da yamma, akwai irinta da ke zuwa Turai wajen watan Mayu ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, zuwa Agusta ta kamo hanyar Afirka kudu da Sahara, kuma a 2016 masu binciken jami'ar Lund ɗin dai suka ɗaura wa wasu ƙananan na'urori suka gano tana iya yin wata 10 a sama ba ta sauka ba, a can take cin ƙwarinta. Subhanallah. Wanda ya san wannan ba zai ƙara kallon ta kamar da ba.

Ko dabbar ba ta fito ba ta bar maka labari. Da safe kafin iska da ƙafafun mutane su share, ka duba bakin ƙorama inda ƙasa ke da laushi. Sawun dangin kare irin su dila yana nuna farce a gaba, na dangin kyanwa kuwa yawanci babu farce saboda suna janye shi ciki idan suna tafiya. Kashi ma yana magana, wanda ke da gashi da guntun ƙashi na mai cin nama ne, ƙanana masu kama da ƙwaya na mai cin ciyawa ne. Yaro ɗan shekara goma idan ka nuna masa wannan sau ɗaya ya riƙe har abada, kuma zaka ga da kansa yana cewa kowa ya yi shiru.

Sai maganar matsawa kusa don hoto, wadda ita ce ta fi ɓata min rai. A gandun dajin Yellowstone na Amurka, wanda aka kafa tun 1872, doka ce ka bar tazarar yadi 25 tsakaninka da ɓaunar can da sauran manyan dabbobi, yadi 100 kuma idan kerkeci ne ko beyar, kuma duk da haka kusan kowace shekara sai an ji ɓauna ta soki wani da ya je ɗaukar hoto. A watan Mayun 2023 wani baƙo a wurin ya ga jaririn ɓauna na fama a bakin kogi ya je ya turo shi da hannu, shi a ganinsa taimako ne, garken suka ƙi karɓar ɗan, ya koma bin mutane da motoci a titi, dole ma'aikata suka kashe shi. Niyya mai kyau ce amma ga inda ta ƙare. Haka mutane ke tsintar ɗan barewa ko ɗan gada a kwance cikin ciyawa shi kaɗai su ɗauko wai uwarsa ta yar da shi, alhali ita ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo za ta dawo ta shayar da shi. Ka bar shi inda ka gan shi ka yi nisa. Ma'aunin mai sauƙi ne, idan dabba ta daina abin da take yi ta tsura maka ido, ko tsuntsu ya tashi daga sheƙa yana zagayarka da kuka, to ka yi kusa da yawa, ja baya. A cikin zafin rana ƙwai ko ɗan tsako da uwa ta tashi ta bari saboda kai, ɗan lokaci kaɗan ya isa ya hallaka shi. Kuma a daina ba su abincinmu, musamman birai, domin birin da ya saba karɓa a hannun mutum gobe fizga zai yi, jibi cizo, daga nan sai a ce ya zama mugu a harbe shi. Haka masu kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito, shi tsuntsun yana zaton wani namiji ne ya shigo masa yanki, ya bar ciyar da 'ya'yansa ya zo faɗa da wayarka. Wanda ke son gani kusa ya nemi madubin hangen nesa, irin mai lamba 8x42 ya isa kowa, kuma mutum biyar ma za su iya karɓa-karɓa da guda ɗaya.

Bari in dawo kan hawan dutsen kansa, Malam Edita, saboda nan ma gaggawar ce ke jawo matsala. Mutane na duba taswira a waya su ga kilomita 10 su ce ai awa biyu ne, sun manta hawa daban tafiyar fili daban. Tun 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar da wani lissafi da har yau ake amfani da shi: ka ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan ka ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Kenan kilomita 10 da hawan mita 600 awa uku ne, kuma wannan na mai ƙarfi ne wanda bai tsaya hutu ba, bai tsaya kallon komai ba, ba ya tare da yara ko mai nauyin jiki. Ƙungiya kuma da saurin wanda ya fi kowa rauni take tafiya, ba a barin mutum a baya wai zai iso. Kafin a tashi a tsayar da lokacin juyowa, a ce ƙarfe kaza ko mun kai sama ko ba mu kai ba za mu juyo, kuma a cika alkawarin, dutsen yana nan ba inda zai je. A gaya wa wani a gida inda aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa, tunda a cikin kwazazzabo sabis ɗin waya ɗaukewa yake yi, caji ma ya ƙare. Kuma saukowa ta fi hawa haɗari, gwiwa ta gaji, hankali ya riga ya tafi gida, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin takalmi, nan ne ake targaɗe da karaya. Silifas da takalmin gayu mai sulɓin ƙasa ba na dutse ba ne.

Zafi kuma ba abin wasa ba ne. A sha ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya kama, a sa hula da kaya masu haske marasa matsewa, a huta a inuwa da tsakar rana. Idan fitsari ya yi duhu ruwan jiki ya yi ƙasa. Idan ɗan tafiya ya fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya a tsaya nan take, idan kuma ya fara sambatu ko tangaɗi jikinsa ya yi zafi rau, wannan bugun zafi ne, zafin jiki ya haura digiri 40, kuma yana kisa. A kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa a yi ta fifita a nemi asibiti da gaggawa, kada a ce bari ya ɗan huta mu gani. A dogayen tsaunuka kuma akasin haka ake samu, duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga iska, ka iso sama jiƙe da gumi sanyi ya kama ka, don haka ko ana zafi a ƙasa a jefa riga mai ɗan kauri a jaka.

Hadari ma a lokacin zafi yakan haɗu da rana tsaka ko da yamma ba sallama. Idan ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawar, kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce, idan bai kai 30 ba to kana cikin haɗari, ka sauka daga ƙololuwa, kada ka fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Busasshiyar ƙorama kuma ba wurin zama ba ce, ruwa na iya sauka can nesa a kan tsauni inda ba ka gani, ya zo maka da ƙarfi alhali inda kake ko ɗigo bai faɗo ba.

Na san da yawa maciji ne ke hana su fita. Tsoron yana da dalili, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara da saran maciji, yawancinsu manoma da makiyaya. Amma maciji ba ya farautar mutum, taka shi ake yi ko a zura hannu inda yake. Kada ka sa hannu a tsagar dutse ko ramin da ba ka ga cikinsa ba, idan za ka tsallake gungume ka taka kansa tukuna ka duba bayansa, ka sa dogon wando da takalmi rufaffe. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau da igiya, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana mutumin yawan motsi a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar maganin dafin. Mai tafiya a hankali yana kallon inda yake taka ƙafa ma da wuya ya kai ga haka. Kaska ita ma a duba jiki bayan an dawo, bayan gwiwa da hammata da ƙugu, a cire ta da ɗan hantsaki a ja a miƙe kada a ƙona ta, a Turai da Arewacin Amurka ita ke yaɗa cutar Lyme, a wasu wuraren kuma zazzaɓi masu tsanani.

Akwai kuma haƙƙin mutanen da ke zaune a wurin, wanda 'yan birni ke mantawa. Karkarar da kake kira wurin shaƙatawa gonar wani ce, makiyayar wani ce. A Ingila sai da aka yi gwagwarmaya kafin talaka ya samu damar taka tsaunuka, a watan Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan don nuna ƙin yarda da masu filaye da suka killace shi, aka ɗaure biyar daga cikinsu, sai a 1951 yankin ya shiga gandun ƙasa na farko a ƙasar, dokar da ta ba jama'a damar yawo a irin waɗannan filaye kuwa sai a shekarar 2000. A Suwidin kowa na da 'yancin ratsa daji ko na wane ne, amma da sharaɗi biyu, kada ka takura kada ka ɓata. Ni ina ganin sharaɗin nan ya dace da ko'ina a duniya. Ka yi sallama ka nemi izini, ka bi gefen gona kada ka ratsa yabanya, ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta, kada ka kutsa tsakiyar garke musamman inda akwai saniya mai ɗan maraƙi. Ledarka da robar ruwanka ka dawo da su, dabba na haɗiye leda ta toshe mata ciki ta mutu a hankali. Guntun sigari ɗaya a busasshiyar ciyawa ya isa ya cinye tsauni guda da duk sheƙar da ke kansa. Masu fenti da ke rubuta sunansu a jikin duwatsu kuma don Allah su bari, a wasu duwatsun akwai zanen mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce, idan aka shafe shikenan babu mai dawo da shi.

Abin da ya sa na dage haka, dabbobin nan raguwa suke yi a idonmu. Rahoton ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, na 2024 ya ce yawan namun dajin da ake bibiya ya ragu da kashi 73 cikin ɗari a matsakaici tsakanin 1970 da 2020. Ungulu da da ba a ko kallonta yanzu wasu nau'o'inta a Afirka suna cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Matasan nan masu fita tattaki su ne za su iya zama idon kowa, akwai manhajar eBird ta jami'ar Cornell da aka fara a 2002 da iNaturalist, ka ga tsuntsu ko ƙwaro ko fure ka ɗauka daga nesa ka saka, masana su yi amfani da shi wajen sanin me ya rage a ina. Wayar da ake ɗaukar selfi da ita, ita ce dai za ta yi wannan aikin.

Don haka roƙona gare ka Malam Edita, ku ware mana ko rabin shafi ne a mako ko a wata kan tsuntsaye da namun daji da ƙa'idojin fita daji, ku riƙa tattaunawa da ma'aikatan gandun daji da malaman jami'a da tsofaffin da suka san sawu da kukan kowace dabba tun kafin su tafi da iliminsu. Shugabannin ƙungiyoyin tattaki kuma ina roƙonsu su riƙa raba mutane kashi-kashi, shida ko takwas a tafiya ɗaya, a bar sifika a mota, a fito tun da asuba, kuma a sa rabin awa na zama shiru a cikin tsarin kowace fita.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku